Idan Layi Ya Ɗauke, Ina Kiran Gaggawa Ke Bi?

Ran Alhamis 18 ga watan Satumba na shekarar 2025, da misalin ƙarfe 12 da rabi na dare, injiniyoyin kamfanin Optus, wanda shi ne na biyu wajen girma cikin kamfanonin waya na ƙasar Ostareliya, suka shiga aikin sabunta wata na'urar tsaro a cibiyarsu. Aiki ne irin wanda a kan yi a kai a kai ba tare da masu waya sun sani ba. Gari ya waye jama'a na ta buga wa juna waya lami lafiya, saƙonni na shiga, intanet na aiki. Lamba ɗaya tak ce ta ƙi shiga, watau 000, wadda da ita a ke kiran 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da motar asibiti a ƙasar tun shekarar 1961. Haka aka zauna har wajen awa 13 a jihohin Ostareliya ta Kudu da Ostareliya ta Yamma da Yankin Arewa da wani sashe na New South Wales. Fiye da mutum 600 ne suka nemi agaji cikin wannan lokaci, yawancinsu ba su sami shiga ba, binciken da aka yi daga baya kuma ya danganta rasuwar mutum biyu da wannan al'amari.

Abin da ya fi ɗaure wa jama'ar ƙasar kai shi ne an daɗe ana gaya musu cewa irin wannan ba zai faru ba. Dokar ƙasarsu ta tanada, ƙa'idar ƙera wayoyi ma ta tanada, cewa duk wayar hannun da layin kamfaninta ya ɗauke, in aka buga lambar gaggawa da ita za ta nemi turken wani kamfani ta bi ta nan. A biranen da abin ya faru kuwa turakun Telstra da na Vodafone suna nan suna aiki garau. To, me ya hana wayoyin komawa can? Amsar wannan tambaya ta shafi kowace ƙasa mai amfani da wayar hannu, har da Nijeriya, domin ƙa'idar ɗaya ce ko'ina, wayoyin ma daga masana'antu ɗaya su ke fitowa.

Kiran da aka ware tun farko

Kiran yau da kullum ciniki ne. Da zarar an kunna waya, katin sim da ke cikinta ya kan gabatar da kansa ga turken sadarwa mafi kusa, wanda jama'a ke kira ƙarfen sabis, turken kuma ya tambayi cibiyar kamfani ko ta san wannan kati. In katin na wani kamfani ne sai a juya masa baya, sai fa in akwai yarjejeniya tsakanin kamfanonin biyu ta karɓar baƙin juna, abin da ma'aikatan waya ke kira romin. Da irin wannan yarjejeniya ce mahajjaci ke sauka a Jidda layinsa na gida ya ci gaba da aiki, kamfanonin biyu su raba kuɗin daga baya.

Kiran gaggawa kuwa ba a sa shi cikin wannan ciniki ba. Injiniyoyin Turai da suka tsara GSM cikin shekarun 1980 sun ware shi a matsayin hidima ta daban. Waya ba ta aika shi kamar yadda ta ke aika kiran aboki. In ta gane cewa lambar da aka buga ta neman agaji ce, sai ta tura wata alama ta musamman, cibiyar da ta karɓi alamar kuma ba ta duba ko da kuɗi a katin. Abin da ta ke dubawa shi ne wane turke ne ya kawo kiran, sa'an nan ta miƙa shi ga ofishin agajin da ke kula da yankin da turken ya ke. A shekarar 1991 ƙasashen Turai suka tsayar da 112 ta zama lambarsu ta bai ɗaya. Ƙa'idar duniya ta wayoyin hannu ta wajabta wa kowace waya ta san 112 da 911 a kowane hali, in kuma babu kati a cikinta ta ƙara da 000 da 08 da 110 da 118 da 119 da 999. Wannan ne ya sa waya ko a kulle ta ke ta kan yarda a buga lambar gaggawa. Rubutun nan kuma da kan fito a fuskarta cewa kiran gaggawa kaɗai zai yiwu, ma'anarsa ita ce ta rasa kamfaninta amma tana jin turken wani, ta kuwa raɓe a gefensa.

Ko turken zai karɓi mai raɓen, wannan kuma hukuncin kowace ƙasa ne. Hukumar sadarwa ta Amurka tun cikin shekarun 1990 ta tilasta wa kamfanoni su isar da duk kiran 911 da ya faɗo kan turkensu, ko wayar ba ta da rajista da kowa. Ingila ba ta fara barin kiran 999 ya bi ta layin wani kamfani ba sai a shekarar 2009. A wannan shekarar ce kuma Jamus ta rufe wa wayoyin da ba su da kati ƙofa, saboda masu kiran wasa sun addabi ofisoshin agaji kuma babu yadda za a gano su. Kukan Jamus ɗin yana nuna wani gibi na gaske: kiran da ya shigo ta raɓe sau da yawa ba ya zuwa da lambar mai kira, domin kamfanin da ya ɗauko shi bai san shi ba. In mutum ya suma yana cikin magana, ko kiran ya yanke, ma'aikacin agaji ba shi da lambar da zai sake bugawa.

Amma babban raunin tsarin a wani wuri ya ke. Dukan abin ya rataya ne a kan waya ta gane cewa layinta ya mutu. Ita kuwa waya ba ta ganin cibiya, turke kawai ta ke ji. Muddin turken kamfaninta yana watsa alamarsa, tana nan maƙale da shi, ko da a bayansa babu komai.

Turken da ya ƙi yin yaushi

Ostareliya ta fara ɗanɗana wannan ne ran Laraba 8 ga watan Nuwamba na 2023. Da misalin ƙarfe 4 na asuba, bayan wani gyaran manhaja da aka yi a wata cibiyar ƙetare da Optus ke haɗe da ita, bayanai suka kwararo fiye da ƙimar da aka sa wa na'urorinsa masu raba hanya, sai na'urorin suka katse kansu domin tsira. Mutane kimanin miliyan 10 da wuraren kasuwanci kusan 400,000 suka rasa waya da intanet fiye da awa 12. Jiragen ƙasa na birnin Melbourne suka tsaya na ɗan lokaci, layukan wasu asibitoci suka ɗauke, masu kantuna suka kasa karɓar kuɗi ta kati.

Injiniyoyin ƙasar suna da wata kalma da su ke yi wa abin da ya kamata turke ya yi a irin wannan hali. Su kan ce ya yi yaushi, kamar ganyen da aka tsinke daga reshe: in ya ga an raba shi da cibiya sai ya kashe alamarsa, domin wayoyin da ke ƙarƙashinsa su san an bar su, su nemi wani. A wannan rana turakun 3G na Optus ba su yi yaushi ba. Sun ci gaba da kiran wayoyi gare su, wayoyin suka riƙa miƙa musu kiran neman agaji, kiran yana mutuwa a nan.

Da shugabar kamfanin ta lokacin, Kelly Bayer Rosmarin, ta bayyana gaban kwamitin Majalisar Dattawa, ta ce kira 228 ne suka kasa shiga. Ta ajiye aiki ran 20 ga watan. A watan Janairu na 2024 kamfanin da kansa ya dawo ya ce adadin ya kusa 2,700. Hukumar ACMA mai kula da sadarwa ta ƙasar, bayan nata binciken, ta tabbatar da mutum 2,145 da aka hana wa samun agaji, da kuma mutum 369 da doka ta ce kamfani ya bi sawunsu ya ji ko suna lafiya amma bai yi ba. A watan Nuwamba na 2024 Optus ya biya tarar fiye da dalar Ostareliya miliyan 12. Tazarar da ke tsakanin 228 da 2,145 abin lura ce ƙwarai, domin tana nuna cewa kamfanin da ke riƙe da na'urorin bai ma san yawan waɗanda ya bari cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi ba sai bayan wata biyu.

Ba a Ostareliya aka fara ba. Ran 8 ga watan Yuli na 2022 cibiyar kamfanin Rogers na Kanada ta durƙushe, masu hulɗa da shi fiye da miliyan 12 suka wuni babu layi. A can ma turaku sun ci gaba da watsa alama, wayoyi suka ƙi sakinsu, har aka riƙa ba mutane shawara su cire katin sim kafin su buga 911, watau su mai da wayarsu marainiya da gangan domin wani kamfani ya karɓe ta. Wani abin ban takaici kuma, ma'aikatan Rogers da za su yi gyaran su ma a kan layin Rogers su ke, sai da aka nemo musu katin abokan gasa. Ministan masana'antu, François-Philippe Champagne, ya ba kamfanonin ƙasar kwana 60, a watan Satumba na shekarar kuma suka sa hannu a yarjejeniyar karɓar masu wayar juna a lokacin masifa.

Gwamnatin Ostareliya ita ma ta sa Richard Bean, tsohon mataimakin shugaban ACMA, ya duba lamarin. Rahotonsa ya fito a watan Afrilu na 2024 da shawarwari 18, gwamnati ta karɓe su duka. A cikinsu akwai wajabta wa turaku yin yaushi, da gwada dukan hanyar kiran 000 daga waya har ofishin agaji duk wata shida, da naɗa mai kula guda wanda nauyin tsarin baki ɗaya zai rataya a wuyansa.

Baƙo daga wata ƙasa

Duk wannan a kan ɗan ƙasa ne wanda layinsa ya ɗauke. Matsalar baƙon da ya shigo da layin ƙasarsu daban ce, kuma sauyin fasaha ne ya haife ta.

A zamanin 2G da 3G murya na da hanyarta ta musamman, kamfanin ƙasar da baƙo ya sauka shi ke haɗa masa kira, shi ya sa kiran gaggawarsa ke tafiya kai tsaye ofishin agajin garin da ya ke. Tsarin 4G kuwa domin intanet aka gina shi, babu hanyar murya a cikinsa. Sai daga baya aka ƙirƙiro dabarar da a ke kira VoLTE, wadda ke yayyanka murya ta aika da ita kamar sauran bayanai. Da kamfanoni suka zo ƙulla yarjejeniyar karɓar baƙi a kan wannan dabara, yawancinsu sun zaɓi hanya mafi sauƙi da arha: kamfanin masauki ya zama bututu kawai, duk abin da baƙo ya aika a kai shi cibiyar kamfaninsa na gida, can a san yadda za a yi da shi. Inda aka bi wannan tsari, baƙon da ke Madina in ya kira masaukinsa da ke tsallaken titi, sai muryarsa ta je ƙasarsu ta komo.

Ga kiran yau da kullum wannan ba laifi. Ga kiran gaggawa kuwa haɗari ne. In waya ta gane lambar, za ta buɗe hanyar gaggawa da kamfanin masauki, kiran ya tsaya cikin ƙasar, ko da ya ke sau da yawa ya kan isa babu lambar mai kira. In ba ta gane ba fa? Lambar motar asibiti ta Saudiyya 997 ce. A Nijar da Faransa 17 ce ta 'yan sanda, 18 ta 'yan kwana-kwana. Ba ɗaya daga cikinsu da ke cikin jerin lambobin da a ke ƙera waya da su. Sai dai kamfanin masauki ya sanar da wayar jerin lambobin ƙasarsa sa'ad da ta yi rajista, ko kuma kamfanin gida ya gane lambar ya komo da kiran da umurnin a sake bugawa ta hanyar gaggawa. Duka biyun ƙa'ida ta tanade su, amma sai kowane kamfani ya zauna ya shirya na'urorinsa, sai kuma mai ƙera wayar ya sa mata fahimtar umurnin. In ɗaya ya yi sakaci, kiran mai neman motar asibiti ya tafi wata nahiya inda lambar ba ta da ma'ana. Saboda haka matafiyi zai fi samun tabbaci in ya buga 112 ko 911, domin su ne babu wayar da ba ta san su ba.

Gano inda mai kira ya ke ma ya gamu da irin wannan cikas. A shekarar 2014 aka ƙirƙiro wata dabara a Ingila mai suna AML, wadda in an buga lambar gaggawa waya kan kunna na'urarta ta tauraron ɗan adam ta aika wa ofishin agaji gajeren saƙo mai nuna inda ta ke. Google ya sa ta cikin wayoyin Android a 2016, Apple ya biyo baya a 2018, daga watan Maris na 2022 kuma Tarayyar Turai ta wajabta ta ga sababbin wayoyin zamani da a ke sayarwa a kasuwarta. Amma gajeren saƙon baƙo ta cibiyar kamfaninsa na gida ya ke bi, saboda haka in ba a yi wani shiri na musamman ba sai ya ɓata a hanya. Mutumin da ya fi kowa bukatar a gano inda ya ke, watau baƙon da bai san sunan unguwa ba kuma ba ya jin harshen ƙasar, shi ne dabarar ta fi saurin kasa wa.

Shekara da shekaru waɗannan gibba a rufe su ke, domin duk sa'ad da 4G ya gaza waya kan zame ta koma 3G ko 2G ta yi kiranta. Yanzu ƙasashe masu arziki suna kwance tsofaffin hanyoyin. Manyan kamfanonin Amurka uku sun kashe 3G cikin shekarar 2022, baƙi da yawa kuma suka sauka suka tarar wayoyinsu na intanet amma ba sa kira.

Ostareliya ta riga ta kashe 2G tuntuni. Vodafone ya rufe 3G tsakanin Disamba na 2023 da Janairu na 2024, Telstra da Optus kuma suna shirin bi sai aka gano wani rukunin wayoyi mai ban tsoro: wayoyin 4G ne, suna kiran yau da kullum ta VoLTE lafiya ƙalau, amma an ƙera su ne su koma 3G duk sa'ad da aka buga 000. Mai irin wannan waya ba zai taɓa sanin da matsala ba sai ranar da gidansa ya kama wuta. A watan Maris na 2024 gwamnati ta ce wayoyin da abin zai iya shafa sun kai wajen 740,000. Aka ɗage ranar rufewa har sau biyu, aka buɗe lambar 3498 wadda mutum zai tura wa saƙo a gaya masa matsayin wayarsa, daga bisani aka yanke hukunci mai tsauri: daga ran 28 ga watan Oktoba na 2024, duk wayar da kamfani ya ga ba za ta iya kiran 000 ba, ya toshe ta baki ɗaya. Wayoyin da aka sayo daga ƙetare su suka fi shan wannan hukunci, masu su da dama kuwa sun yi ƙorafin cewa an haɗa da waɗanda ba su da laifi. Duk da wannan tankaɗe da rairaya, a watan Oktoba na 2025 Telstra ya gano cewa wasu tsofaffin samfurori na Samsung ba sa iya raɓa wa layin Vodafone in nasu ya ɗauke.

Minti ɗaya na shiru

Daga nan za a fahimci abin da ya faru a Satumba na 2025. A wannan karon ko yaushin turke ba zai yi magani ba, domin layin Optus bai mutu ba, hanyar gaggawa kaɗai aka toshe. Waya na ganin kamfaninta da rai, ta miƙa masa kira, ta zauna jiran amsa. Sai wa'adin da aka sa mata ya cika kana ta haƙura ta nemi wani kamfani. Kerry Schott, wadda kamfanin ya ɗora wa binciken kuma rahotonta ya fito a watan Disamba na 2025, ta nuna cewa wannan jira kan kai sakan 40 zuwa 60. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mara lafiya ya san babu mai riƙe waya shiru har minti guda. Zai kashe ya sake bugawa, lissafin kuma ya koma farko. Tsarin raɓe yana nan a takarda, a cikin na'ura ma yana nan, amma an auna shi da haƙurin injiniya ne, ba da na uwar da ɗanta ke shure-shure ba.

Rahoton ya lissafa aƙalla kurakurai 10 na kamfanin da ɗan kwangilarsa. Ba a kawar da kira daga na'urar kafin a taɓa ta ba. Alamun gargaɗi sun fito ba a bi su ba. Wasu masu waya sun kira ofishin sauraron koke na kamfanin sun ce 000 ba ta shiga, maganarsu ba ta wuce teburin da aka karɓe ta ba. Wannan duka ƙasa da shekara guda bayan tarar miliyan 12. Dokar da ta ba mai kula da tsarin 000 iko, wanda Bean ya ba da shawarar naɗawa tun Afrilu na 2024, ba ta wuce majalisa ba sai a watan Oktoba na 2025, bayan an yi jana'iza. Tara dai ba ta hana komai ba. Abin da zai hana shi ne a riƙa ɗaukar waya ta gaske a buga lambar, kafin gyara da bayansa, a kuma sa na'ura ta yi kuwwa da zarar yawan kiran gaggawa ya faɗi ƙasa da yadda aka saba.

Inda abin ya shafi ƙasar nan

A Nijeriya 112 ce lambar gaggawa ta ƙasa, kyauta a ke buga ta daga kowane layi. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ke kafa cibiyoyin karɓar kiran, bisa shirin kowace jiha ta sami ɗaya, Abuja ma ɗaya, daga nan a miƙa wa 'yan sanda ko hukumar kiyaye haɗurra ko 'yan kwana-kwana ko motar asibiti. A wani fanni ƙasar tana da sauran sarari, domin a ƙarshen shekarar 2024 fiye da kashi 40 cikin 100 na layukanta a kan 2G su ke, tsohuwar hanyar murya tana nan daram. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Riƙe hanyoyi huɗu a lokaci guda yana cin kuɗi da man dizal, wata rana kamfanoni za su nemi izinin kwance wasu. Kasuwar waya ta ƙasar nan kuwa, daga Farm Centre a Kano har Computer Village a Ikeja, cike ta ke da wayoyin da aka yi amfani da su a Turai da Amurka da Asiya, kowace da shirin kamfanin da aka ƙera ta dominsa, watau ainihin irin waɗanda Ostareliya ta toshe. Lalle ne kafin a sa ranar rufe 3G ko 2G hukumar ta tilasta wa kamfanoni su ƙidaya ire-iren wayoyin da ke kan layinsu, su gwada kowane iri da 112, a kan layinsa da kuma a raɓe da layin wani, a buga sakamakon jama'a su gani.

Akwai kuma abin da ya sa dogaro da layin maƙwabci ya fi rauni a nan. Tsarin raɓe yana ɗauka ne cewa in kamfani ɗaya ya faɗi sauran suna tsaye. A Nijeriya kuwa yawancin turaku ba na kamfanonin waya ba ne, na kamfanonin haya ne irin su IHS da ATC, sau da yawa kuma turke ɗaya da janareto ɗaya ke ɗauke da na'urorin kamfani biyu ko uku. In man ya ƙare, ko ɓarayi suka kwashe batura, ko motar aikin titi ta tsinke igiyar da ke ƙarƙashin ƙasa, gari kan rasa layi gaba ɗaya. Yarjejeniyar shekara uku da NCC ta amince da ita a 2025, wadda ta ba masu layin 9mobile, kamfanin da ya koma T2, damar hawa turakun MTN, ta faɗaɗa musu wuraren samun sabis, amma ta ƙara yawan mutanen da ke rataye da igiya ɗaya. Inda kuma hukuma ce ta ba da umurnin kashe dukan layuka, kamar yadda aka yi a Zamfara a watan Satumba na 2021 saboda yaƙi da 'yan bindiga, sa'an nan a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, babu turken da waya za ta raɓa, mai naƙuda da mai gobara suka shiga duhu ɗaya da waɗanda aka yi dominsu.

Sai batun iyaka. Alamar turke ba ta san shingen kwastan ba. A Illela da Birnin Ƙonni, ko Jibiya da Ɗan Isa, ko Maigatari, waya kan kama turken tsallake alhali mai ita bai ɗaga ƙafa daga ƙasarsa ba. Tunda ƙa'ida ita ce kiran gaggawa ya bi turken da ya ɗauko shi, mutumin da ke tsaye a Nijeriya zai iya samun kansa yana magana da ma'aikacin wata ƙasa wanda ba shi da ikon aiko masa da kowa, ɗan Nijar ma haka ta wancan ɓangaren. Ƙasashen Turai da ke da irin waɗannan iyakoki suna magance wannan ne da abu mai sauƙi, watau ofisoshin agaji su riƙe lambobin juna domin a miƙa kira cikin gaggawa. A nan aikin zai ma fi sauƙi, domin harshe ɗaya a ke yi a ɓangarorin biyu. Dokar ECOWAS ta 2017 a kan romin batun farashi ta fi mai da hankali a kai, Nijar kuma ta fice daga ƙungiyar ran 29 ga watan Janairu na 2025, saboda haka maganar ta koma tsakanin ƙasa da ƙasa. Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971 kuma hedkwatarta ke Yamai, ita ce inda ya dace NCC da takwararta ta Nijar su kai wannan batu, su fara da jihohin Sakkwato da Katsina da Jigawa da jihohin Tawa da Maraɗi da Damagaram da ke fuskantar su.